Gyaran Ƙwayar Gado da Ƴaƴanmu Masu Sikila a Tasawa da Mayahi

Ranar 16 ga Nuwamba 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, ranar 8 ga Disamba kuma takwararta ta Amurka ta bi sahu. Shi ne magani na farko da aka yarda a yi wa jama'a amfani da shi wanda ya dogara da fasahar CRISPR, wato yanke wani gurbi a cikin ƙwayar gadon mutum domin a sauya yadda take aiki. Cutar da aka fi yin shi dominta kuwa ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Sikila ce, amosanin jinin nan da ke hana iyaye mata runtsawa a Korgom da Urafan da Atantane, mai kumbura hannun jariri tun bai fara rarrafe ba, mai mayar da idon yaro ruwan ɗorawa, mai sa saurayi birgima da ciwon ƙashi duk lokacin da hunturu ya kama. Saboda haka muhawarar da ake yi a Landan da Washinton kan halaccin taɓa ƙwayar gado ta shafe mu kai tsaye, ko da ba a gayyace mu zaman ba.

Asalin cutar ɗan ƙanƙanin sauyi ne. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himoglobin, mai kai iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki. Umarnin ƙera shi yana rubuce a cikin DNA, kuma harafi ɗaya tak ne ya sauya a jikin mai sikila. Da zarar iskar ta ragu a jini sai ƙwayar ta ƙandare ta lanƙwashe, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20, alhali lafiyayya kan yi kwana 120. Daga nan ciwon ƙashi yake fitowa, da ƙarancin jini, da lalacewar saifa, da shanyewar ɓarin jiki da kan sami yaron da bai ma shiga makaranta ba. Wanda ya gaji harafin ta ɓangare ɗaya shi ne AS, lafiyarsa ƙalau. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai sikila, kuma kowane ciki lissafinsa daban: haihuwar mai sikila ɗaya ba ta nufin ukun da za su biyo baya sun tsira. Akwai kuma nau'in C a Afirka ta Yamma, wanda in ya haɗu da S shi ma ciwo ne, ko da yake sau da yawa ya fi sauƙi.

A Nijar da arewacin Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar AS ne. Dalilin wannan yawa ya fito fili a 1954, lokacin da Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS ya fi jure mummunan zazzaɓin cizon sauro. Inda sauro ya yi yawa, yaran AS sun fi rayuwa su hayayyafa, sai harafin ya bazu. Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta nuna cewa a 2021 an haifi jarirai fiye da rabin miliyan da sikila, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar nasu a Afirka kudu da Sahara suke.

Gyaran ƙwayar gado iri biyu ne, kuma duk hukuncin da za a yanke a kan bambancinsu ya rataya. Manomin gero ba ya bukatar dogon bayani a nan: abin da aka yi wa hatsin da za a ci a kan tuwon ranar ya tsaya, abin da aka yi wa irin da aka ajiye domin shuka kuwa zai fito a gonar baɗi da ta bayanta. Iri na farko shi ne gyaran ƙwayoyin jiki, na ɓargo ko hanta ko ido, wanda ke tsayawa a kan majinyacin shi kaɗai. Na biyu shi ne gyaran ƙwayoyin haihuwa, maniyyi ko ƙwan mace ko ɗan tayi a kwanakinsa na farko, wanda ke bin zuriya har jikoki da tattaɓa-kunne.

Casgevy yana cikin iri na farko, kuma dabararsa abin sha'awa ce. Jariri a cikin mahaifa da wani himoglobin daban yake rayuwa, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini. Bayan haihuwa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A takan rufe ƙera shi a hankali, shi ya sa ciwon ba ya fara nuna kansa sai jariri ya kai wata biyar ko shida. Likitoci sukan tatso ƙwayoyin ɓargo masu haifar da jini daga majinyaci, a kai su ɗakin bincike, a yanke gurbin da ke bai wa BCL11A ƙarfi, sannan a mayar masa da su. Sai jikinsa ya koma ƙera himoglobin na jarirai. Harafin S yana nan, amma an rage masa tasiri. Wata mata ƴar jihar Mississippi, Victoria Gray, ita aka fara yi wa a Amurka a 2019. A gwajin da hukumar Amurka ta dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Tun kafin wannan, a 2014, likitocin asibitin Necker da ke Paris ƙarƙashin Marina Cavazzana sun yi wa wani yaro matashi aiki ta wata hanyar, inda aka ƙara masa lafiyayyar ƙwayar gado, kuma ya samu sauƙi sosai. Maganin Lyfgenia, da Amurka ta amince da shi rana ɗaya da Casgevy, daga wannan hanyar ya samo asali.

Ni ban ga abin ƙyama a cikin wannan ba. Mutum ne mai ciwo, da ƙwayoyin jikinsa aka yi aiki, ba a shigo da nasabar kowa ba. Malamai ma sun daɗe da duba lamarin. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1998, ta halatta amfani da wannan ilimi wajen rigakafi da magani, ta haramta wasa da halittar ɗan'adam da sunan inganta iri. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, wadda Nijar ke cikinta, ta zauna a Riyad a 2013 ta halatta gyaran ƙwayoyin jiki bisa sharuɗɗa: kada cutarwarsa ta fi ta ciwon, a rinjayar da zaton zai warkar ko ya sauƙaƙa, a rasa wata hanyar, kuma ƙwararru amintattu su yi shi.

Sharaɗin farkon nan ne ke bukatar a tsaya a kansa, domin labaran rediyo sukan ce "an samo maganin sikila" su wuce, ba su faɗi abin da jiki ke biya ba. Kafin a mayar da ƙwayoyin da aka gyara, dole a kashe tsohon ɓargon da wani magani mai ƙarfi irin na masu sankara, busulfan. Gashi yakan zube, baki ya yi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi warwas, majinyaci ya shafe makonni a killace a asibiti ana yi masa ƙarin jini. Mafi nauyi a wurinmu, busulfan kan kashe ƙwayoyin haihuwa, sau da yawa har abada. A Turai da Amurka akan ciri ƙwai ko maniyyi a daskarar kafin a fara, shi ma da tsadarsa. To, a yi tunanin yarinya ƴar shekara 13 a Mayahi, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace kan haifi ƴaƴa 7.6 a matsakaici, inda matar da ba ta haihu ba ta san irin kallon da dangin miji ke yi mata. Wa zai zaɓar mata tsakanin ciwon ƙashi da rashin haihuwa? Mahaifinta, ko ita da za ta rayu da sakamakon? Yarinya ƴar shekara 13 ba ta kai ta auna abin da za ta ji tana da shekara 25 ba, kuma uba, komai ƙaunarsa, yakan duba kukan da yake ji a daren yau. Ba na jin akwai amsa ɗaya ga kowane gida, amma duk likitan da zai yi wannan aiki wajibi ne ya zaunar da yarinyar kanta ya faɗa mata, ba waliyyinta kaɗai ba.

Akwai wani abin da ya kamata a sani a gidan aure. Wanda aka yi wa wannan gyara, in Allah ya ba shi haihuwa, harafin S zai ba ɗansa kamar yadda zai ba shi da ba a yi masa komai ba, domin ɓargonsa aka taɓa, ba irinsa ba. Ya warke a jikinsa, amma a lissafin aure SS ne har gobe.

Sannan ba a san abin da shekaru 20 ko 30 za su haifar ba, shi ya sa ake bibiyar waɗanda aka yi wa har shekara 15. Tarihin fagen yana da raunuka. A Satumba 1999 wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya rasu a gwajin Jami'ar Pennsylvania kwanaki kaɗan bayan an yi masa allurar. A Paris, wasu yaran da aka yi wa maganin rashin garkuwar jiki na gado sun kamu da sankarar jini a farkon shekarun 2000. Lyfgenia kansa yana ɗauke da gargaɗi mafi tsanani na hukumar Amurka kan sankarar jini.

Iri na biyu labarinsa daban ne. A Nuwamba 2018 wani masani ɗan Sin, He Jiankui, ya sanar daga Shenzhen cewa an haifi ƴan mata tagwaye waɗanda ya gyara wa ƙwayar gado CCR5 tun suna ƴan tayi, domin kare su daga ƙanjamau, cutar da ba su da ita kuma akwai hanyoyi masu sauƙi na kare su daga gare ta. Gyaran bai fito yadda ya nufa ba. A Disamba 2019 kotu ta ɗaure shi shekara uku. Yaran kuwa za su rayu da abin da aka yi musu, haka ma duk ɗan da suka haifa.

Mai tausayi zai iya tambaya: in har za a iya goge harafin S daga zuriya gaba ɗaya, me ya sa za a tsaya ana yi wa kowane yaro aikin wahala? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan raina wanda ya binne ƴaƴa uku ya yi ta ba. Amma fasahar ba ta kai ba. Binciken Jami'ar Columbia na 2020 ya nuna cewa yankan CRISPR a ɗan tayi kan iya jawo ɓacewar babban yanki na gado, kuma wani lokaci wasu ƙwayoyin tayin su gyaru wasu su ƙi. Kuskuren da ya faru a ɓargo yana ƙarewa da mai shi, na tayi kuwa yana shiga dangi. Bayan haka, mafi yawan ma'aurata ba sa bukatarsa. Duk gyaran tayi sai an bi ta haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin bincike, kuma in an kai nan, AS da AS suna da tayi uku cikin huɗu marasa cutar, waɗanda ake iya ganewa a dasa ba tare da an yanke komai ba. Irin su SS da SS ne ba su da wannan mafita, su kuwa ƙalilan ne.

Harafin S da kansa darasi ne. Abin da ke azabtar da mai SS shi ne ya raya miliyoyin masu AS a damunan da ba maganin zazzaɓi. Ita ma CCR5 da He Jiankui ya lalata, an gano rashinta yana tsananta wata cutar da sauro ke yaɗawa, zazzaɓin Yammacin Nilu. Wanda ya yanke shawarar cire wani abu daga zuriya yana yanke ta ne a madadin mutanen da ba a haifa ba, ba su kuma da bakin cewa a'a. Kuma ƙofar da aka buɗe domin magani, masu kuɗi za su nemi bi ta cikinta domin tsawo da launin fata. Mu da muka ga abin da man bilicin ya yi wa matanmu bai kamata mu ɗauki wannan tsoro da wasa ba. Yarjejeniyar Oviedo ta ƙasashen Turai ta 1997 ta haramta sauya gadon zuriya. Majalisar Fiƙihu a zaman Riyad ta hana shi a yanayinsa na yanzu saboda haɗari da tsoron cakuɗa nasaba. Taron masana na duniya da aka yi a Landan a Maris 2023 ya ce har yanzu ba abin karɓa ba ne. A nan likita da malami sun haɗu, kuma ina tare da su.

Sai dai a ganina tambayar ɗa'a mafi zafi a wurinmu ita ce ta adalci. Farashin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne, na Lyfgenia miliyan 3.1, ban da kuɗin kwanciya. Na farkon ya haura sefa biliyan ɗaya a kan mutum guda. Kason ɗan Nijar daga arzikin ƙasa bai kai dala 1,000 a shekara ba, wato sai ya tara na fiye da shekara 2,000. Ko da an ba da shi kyauta, yana bukatar asibitin da ke iya dashen ɓargo, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'ajiyar jini wadatacciya. Najeriya ta fara dashen ɓargo ga mai sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma har yau ƙalilan ne suka samu. Cibiyar ƙasa ta kula da masu sikila a Nijar tana Yamai, fiye da kilomita 700 daga Tasawa.

Ga kuma abin da ya fi tsaya mini a rai: a 2023 an amince da magungunan nan ne ga masu shekara 12 zuwa sama. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a yankunan Afirka da ba a gano cutar da wuri, rabi ko fiye na yaran SS ba sa ganin shekara biyar. Yaron ƙauyen Hawandawaki da zazzaɓi ya ɗauke yana da shekara biyu, ba a taɓa auna jininsa ba. Aka ce masassara ce, ko aka ce uwar wabi take yi, ta ɗauki laifin da ba nata ba, ta sake ɗaukar ciki da lissafin nan na ɗaya cikin huɗu ba ta sani ba. Abin da zai kai irin wannan yaro shekara 12 sananne ne kuma mai araha. Akwai ƴan sandunan gwaji da ke nuna A da S da C daga ɗigon jini cikin mintuna, ba sa bukatar lantarki. Tun 1986 aka tabbatar a Amurka cewa shan fenisilin kullum yana kare yaran sikila daga cututtukan da ke kashe su. Ga allurar rigakafi, ga gidan sauro, ga maganin kariya daga zazzaɓi da ake rabawa da damuna. Ga kuma ƙwayar hydroxyurea, wadda take yin aikin da Casgevy ke yi, wato ƙara himoglobin na jarirai, sai dai kaɗan-kaɗan kuma kullum. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt sun wallafa a 2022 cewa ko ƙaramin ma'auninta yana kare yaran da ke cikin haɗari daga shanyewar ɓarin jiki. A Kano da Kaduna aka yi wannan bincike, a kan ƴaƴan Hausawa. Nijar ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta tun 2006, amma wannan alkawari ba zai kai ga mai sikila ba muddin ba a san shi mai sikila ne ba.

Ba ina cewa mu juya wa sabon magani baya ba ne. A Oktoba 2019 Gidauniyar Gates da hukumar binciken lafiya ta Amurka sun yi alkawarin dala miliyan 200 domin neman maganin gado mai araha na sikila da ƙanjamau, da burin gwada shi a Afirka. Abin da ake nema shi ne allurar da za ta yi gyaran a cikin jiki ba tare da cire ɓargo ko busulfan ba. In an dace, wurinmu za a zo gwaji, domin majinyatan a nan suke. A nan ne ya kamata mu tuna Kano. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, a 2009 kuma ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya hura ƙin allurar shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Duk gwajin da zai zo jihar Maraɗi sai a yi bayaninsa da Hausa, baki da baki, ga uwa da uba da yaron, a faɗi maganar haihuwa ƙarara, a san wanda zai ɗauki nauyin bibiya tsawon shekaru, a kuma rubuta farashin da za a sayar mana in ya yi nasara. Kwamitin ɗa'a na ƙasa kan binciken lafiya da malaman sashen likitanci na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su ya kamata su riƙe wannan ƙofa, kuma tun yanzu za a fara horar da masu riƙon.

Saura gwajin jini kafin aure, wanda shi ma shiga ne cikin maganar wa za a haifa. Jihar Kano ta mayar da shi doka a Mayu 2024. Ina goyon bayan gwajin, musamman a inda auren zumunci ya yi yawa kamar wurinmu, amma lokacinsa da sirrinsa su ne komai. In aka bari sai an kai kayan lefe an sa rana, ko dai a ɓoye sakamako ko a nemi takardar ƙarya. In kuma aka yi ta yamaɗiɗi, budurwa mai AS, wadda lafiyarta ƙalau kuma za ta haifi lafiyayyu da miji AA, ita za a bari a gida, saurayi mai AS ya je wani gari ya yi aurensa. Ya fi kyau kowa ya san jininsa tun yana yaro, a rubuta masa a katin rigakafi.

Saboda haka kirana ga shugabannin gundumomin lafiya na Tasawa da Mayahi, da magadan gari, da hakimai, da limaman da ke ɗaura aure, shi ne a nemi gwajin sikila ya shiga kowace cibiyar lafiya tare da allurar farko ta jariri, a kuma nemi fenisilin da hydroxyurea su samu a asibitocin gundumomin biyu a farashin da manomi zai iya. Ke kuma uwa, in hannu ko ƙafar jaririnki ta kumbura yana kuka ba dalili, ko idonsa ya sauya launi, ki kai shi asibiti ki ce a auna miki jininsa na sikila.